Hatimi a Gindin Tulu: Yadda Ake Gane Aikin Ladi Kwali, da Yadda Ake Ɓata Shi Cikin Rashin Sani

A ranar 12 ga watan Agustan 1984 Allah Ya yi wa Dokta Ladi Kwali rasuwa a Minna. Shekara 37 bayan nan, a watan Nuwamban 2021, wani tulu da ta gina da hannunta ya hau teburin gwanjo a birnin Landan, cikin tarin tukwanen da wani Ba'amurke, marigayi Dokta John Driscoll, ya mutu ya bari. Da aka gama tayi aka buga guduma, kuɗin tulun ya haura fam 100,000. Siffarsa kuwa ita ce dai wadda kowace mace a ƙasar Gbagyi ta tashi ta gani a tsakar gidansu: ciki mai faɗi, kafaɗa zagayayya, gajeren wuya, sai zanen da aka karta a jiki tun yumɓun yana ɗanye.

'Yan Nijeriya suna yawo da ita a aljihu ba tare da sun kula ba. Ita ce matar da ke bayan takardar Naira 20 ta roba wadda Babban Banki ya fitar a 2007, ta duƙufa a kan aikin tukunya, Janar Murtala Muhammed yana gaba. Takardar ta kai matsayin da ba ta sayen ko ledar ruwa a Kasuwar Kure, amma abin da matar take ginawa a hoton sai ƙara tsada yake yi a ƙasashen da mutanensu ba su taɓa kurɓar ruwan randa ba.

Wannan magana ta shafi Jihar Neja kai tsaye, domin a cikinta aka yi aikin. Cibiyar da Ladi Kwali ta shafe kusan shekara 30 tana gini a cikinta tana Suleja, kimanin kilomita 100 daga Minna, kuma shekara da shekaru tana fitar da tuluna da butocin shayi da kofuna da farantai da tasoshi. Turawa sun saya sun tafi da su gida, amma sarakuna da manyan ma'aikata da malaman makaranta na ƙasar nan su ma sun saya, wasu kuma kyauta aka ba su. Hankali ba zai ɗauka cewa duk sun tsallaka teku ba. A wurin rabon gado, masu lissafi sukan ƙirga gida da gona da mota da zinaren uwargida, tsohon tulun da ke kusurwar falo kuwa sai a bar wa duk wanda ya nuna sha'awa, ko a dasa masa fure a baranda. Idan tulun nan aikin Ladi Kwali ne, to an zalunci magada cikin rashin sani, kuma ranar da dillali mai ido ya leƙo gidan, da kuɗin buhun shinkafa zai raba su da shi.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ita ma ba ta da daɗi. Tun da labarin farashin Landan ya bazu, duk wanda ya ga tsohuwar tukunya mai zanen ƙadangare yana iya ɗauka arziki ya zo. Yawanci bai zo ba. Tantance ɗaya daga ɗaya aiki ne mai ƙa'ida, kuma tushensa sanin tarihin wurin.

Abujar da ba Abuja ba

Kuskuren farko da mai bincike kan yi shi ne na suna. Abujar da ake ambata a tarihin waɗannan tukwane ita ce Suleja ta yau, garin da Abu Ja na zuriyar sarakunan Haɓen Zazzau ya kafa a 1828. Sai bayan da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976 aka ɗauki sunan aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Saboda haka takardar ciniki ta 1960 da ta ce an sayi abu a Abuja ba ta yi ƙarya ba, ko da yake a lokacin babu Garki ta zamani, babu Maitama.

A fadar Sarki Sulaimanu Barau ne wani Baturen Ingila mai ginin tukwane, Michael Cardew, ya fara ganin aikin Ladi Kwali. Cardew almajirin Bernard Leach ne, wanda ake ɗauka uban masu ginin tukwanen hannu na zamani a Ingila, kuma ya yi aiki a Gana kafin gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi jami'in kula da sana'ar tukwane a Nijeriya a 1950. Ya zagaya ƙasar yana duba yumɓu da itace da ruwa da hannun magina, daga ƙarshe ya zaɓi Abuja, aka kafa cibiyar koyarwa tsakanin 1951 da 1952. Ɗaliban farko duk maza ne. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko.

Ba a matsayin 'yar koyo ta zo ba. An haife ta wajajen 1925 a Kwali, cikin Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Wurin gwaggonta ta koya tun tana yarinya, kuma kafin Cardew ya zo sunanta ya riga ya kai gidajen sarauta. Abin da cibiyar ta ƙara mata shi ne faifai mai juyawa, da yumɓu mai jure wuta mai tsanani, da ruwan tangaran, da tanderu. An nuna ayyukanta a ɗakin baje koli na Berkeley da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE a 1963, ta zagaya Amurka tare da Cardew a 1972 tana nuna yadda take gini, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, sannan ta samu lambar yabo mafi girma da Nijeriya ke bayarwa a fannin ilimi a 1980, da lambar OON a 1981.

Tulu biyu, siffa ɗaya

Duk wanda zai ƙiyasta darajar tukunya, tambayarsa ta farko ita ce da wace irin wuta aka gasa ta, domin akwai iri biyu da suka yi kama a siffa amma suka sha bamban a jiki.

Iri na farko shi ne na gargajiya. Maginiya takan ɗora curin yumɓu a ƙasa, ta huda shi da dunƙulen hannu, ta riƙa jan bango sama tana zagaya shi da baya da baya, tana ƙara murjajjen yumɓu kamar igiya har ya kai tsayin da take so. Ita ce ke juyawa, tukunyar tana tsaye. In ta bushe sai a tara itace da ciyawa a fili a cinna wuta, cikin ɗan lokaci an gama. A wurare da dama akan yayyafa wa tukunya ruwan makuba tun tana da zafi, ya ba ta duhu da ɗan sheƙi. Irin wannan tulu ba shi da nauyi sosai, kuma jikinsa yana tsatstsafo da ruwa a hankali, wanda shi ne sirrin sanyin ruwan randa.

Iri na biyu shi ne na cibiya. Ladi Kwali ba ta bar ginin hannu ba, amma yanzu da yumɓun tangaran take yi, ta karta zanenta, a cike layukan da farar ƙasa, a lulluɓe da ruwan tangaran mai haske wanda ake hango zanen ta cikinsa, a gasa a tanderun itace da zafin da ya haura digiri 1,200. Abin da ke fitowa yana da tauri kamar dutse, yana da nauyin da mace ba za ta so ta ɗauka zuwa rafi ba, kuma ruwa ba ya ratsa shi, don haka ba ya sanyaya komai. Wato tulu ya rasa aikin da aka ƙirƙire shi dominsa. Masana sun daɗe suna muhawara a kan wannan: wasu na ganin Cardew ya ɗaga sana'ar matan ƙauye zuwa idon duniya, wasu na ganin ya mayar da kayan aiki abin kallon baƙi. Kasuwa dai ba ta shiga muhawarar ba. Waɗannan manyan tuluna masu ruwan tangaran su ne take biya da tsada.

Banda su akwai kayan da ta yi a kan faifai: kofuna, kwanoni, farantai, butoci. Su ma ana nemansu, amma tazarar da ke tsakanin farashin kofi da na babban tulu tana da nisa ƙwarai. Wanda ya ji labarin fam 100,000 ya ɗauko ƙaramin kofi da wannan lissafi a ransa, zai koma gida da ɓacin rai.

Zanen da ba ya gyaruwa

Abin da ya fi bambanta Ladi Kwali shi ne zane. Takan raba jikin tulu gida gida, tsaye ko kwance, da layuka da ɗigo-ɗigon da ake yi ta hanyar mirgina ɗan sassaƙaƙƙen itace ko tufkakken zare a kan yumɓu, sannan a cikin kowane gida ta sa halitta: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi, tsuntsu. Ba hoton dabba take yi kamar yadda ido ke ganinta ba. Kadanta a baje yake kamar an hango shi daga sama, jikinsa cike da saƙar layuka, wani lokaci sai an tsaya an duba kafin a rabe ƙadangare da kada. Da bakin wuƙa ko tsinke ko ƙayar beguwa ake irin wannan karta, kuma yumɓu mai ɗanshi ba ya ba da damar dogon tunani. Hannun da ya saba yakan ja layi sau ɗaya ya wuce. Hannun mai kwaikwayo yakan tsaya a tsakiya, ya ɗaga, ya dawo ya bi ta kan layin, kuma waɗannan tsaye-tsaye suna nan a gashe har abada. Mai son ya horar da idonsa, sai ya zauna da hotunan ayyukanta da ke manyan gidajen adana kayan tarihi, irin su Victoria and Albert na Landan, ya riƙa kwatantawa har ya san yadda take lanƙwasa wutsiya da yadda take cike fili.

A Turai ma akwai sana'ar da ta ginu a kan karta. Mai zane yakan shafe farantin jan ƙarfe da kaki, ya karta zane da allura, ya tsoma a ruwan asid ya ci layukan, sannan a shafa tawada a buga a takarda. Masu salon Suriyalizim, wato masu zana abin da mafarki ke nunawa, waɗanda suka taso a birnin Paris bayan 1924, sun yi fice a wannan, kuma a cikinsu akwai Salvador Dalí ɗan Sifaniya, wanda ya yi irin waɗannan zanuka tun a 1934. Labarinsa darasi ne ga duk mai sayen kayan fasaha. Da ya tsufa sunansa ya zama kuɗi, sai ya riƙa sa hannu a kan dubban fararen takardu tun ba a buga komai a kansu ba, wasu suka kwashe suka buga abin da suka ga dama. Sa hannun na gaske ne, zanen na jabu. Daga baya masana suka koma duba takardar kanta, domin masana'antun Faransa da ke yin ta sun ƙara wata alama a jikinta wajajen 1980, lokacin da Dalí ya riga ya daina irin wannan aiki. Duk takardar da ke ɗauke da alamar, komai kyan sa hannun da ke kanta, ta tona asirin kanta.

Hatimin gindin tulu ma haka yake. Kayan cibiyar sukan zo da tambari biyu da aka danna a yumɓu kafin gashi, a gindi ko kusa da shi: ɗaya sunan Abuja ne da rubutun ajami, ɗaya kuma haruffan farko na sunan magini da boko. Na Ladi Kwali LK ne, na Cardew MC. Rashin LK a kan abin da ke da hatimin Abuja ba ya nufin jabu ne, yana iya zama aikin wani daga cikin abokan aikinta. Bayanta mata huɗu sun yi suna a cibiyar: Halima Audu, Asibi Ido, Lami Toto da Kande Ushafa, kuma su ma sun gina tuluna masu kama da nata, domin rijiya ɗaya suka sha. A cikin maza akwai Tanko Ashada, Bawa Ushafa, Peter Gboko da Kofi Athey ɗan Gana. Ayyukansu suna da masu nema, kuma kuskure ne a raina su don kawai babu hotonsu a kan kuɗi.

Amma samun LK shi ma ba ƙarshen magana ba ne. Sassaƙa haruffa biyu a ɗan itace ba ya gagarar kowa. Hatimin gaskiya an danna shi ne a yumɓu mai laushi, gefensa ya ɗan tasa, wani lokaci ruwan tangaran ya kwanta a cikinsa. Wanda aka ƙwaƙula bayan gashi gefensa kaifi ne, cikinsa kuma launinsa ya fi na kewaye haske. Sai dai mai wayo yana iya gina sabon tulu ya danna hatimi tun yana ɗanye, don haka sai an haɗa da sauran shaidu: launin yumɓun a gindi inda ruwan tangaran bai rufe ba, nauyi, irin ruwan tangaran, zaizayar da shekaru suka yi wa mazauni, da hannun zane.

Salsalar tulu

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi ba a jikin tulun take ba. Ita ce salsala: wa ya saya, a wace shekara, a hannun wa, ya bar wa wa. Rasit na cibiyar, wasiƙar da ta ambaci kyautar, tsohon hoton biki ko na Sallah da aka ɗauka a falo tulun yana baya, 'yar takardar ɗakin baje koli da aka manna a gindi, kowanne yana ƙara nauyi a ma'auni. Wani ɓangare na abin da ya ɗaga tulun Landan shi ne an san tarin da ya fito. Don haka babbar ɓarna ce a kankare tsohuwar takardar da ke manne a gindi da sunan tsafta.

A nan ne yanayin Minna yake shigowa. Tangaran da ya sha wutar digiri 1,200 ba ya jin zafin watan Maris, ba ya jin damina, gara ba ta cinsa. Takardunsa kuwa duk waɗannan abokan gabansu ne. Laimar watan Agusta tana sa musu funfuna da jajayen ɗigo, hunturu ya busar da su su yi ƙamas, gara da kyankyaso su ƙarasa. Maganin da mutanenmu suka saba da shi, wato a kai shago a liƙe takarda cikin roba da zafi, ya fi cutar illa, domin ba ya warwaruwa, kuma yana hana masani taɓa takardar ya tabbatar da shekarunta. Abin da ya dace shi ne a ɗauki hotonta da waya, a sa ta a kwance tsakanin fararen takardu masu tsabta, ba fil, ba salatif, a ajiye a akwati nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa.

Lafiyar jiki ita ce abu na gaba. Matan da ke sayen tukunya a kasuwa sun riga masana sanin gwajin farko: a ƙwanƙwasa da yatsa a saurara. Lafiyayyen tangaran yana amo mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take ko da ido bai ga tsagar ba. Gwaji na biyu shi ne irin fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba jabun kuɗi da ita. In aka haska ta a ɗaki mai duhu, gam da fentin da aka yi gyara da su sukan nuna wani launi dabam da na asalin jiki. Sai dai a lura, ba kowane tabo ne lahani ba. Tanderun itace yana barin shaidarsa: wurin da ruwan tangaran ya zarto ya taru, 'yan ramuka kamar na tsinin allura, gefen da ya fi ɗan'uwansa duhu. Waɗannan da su aka haifi tulun, kuma masu saye sun san da su. Tulu mai santsi sumul ko'ina, kamar na masana'anta, shi ya fi cancantar a tuhume shi.

Game da farashi, akwai abin da ya kamata mai tulu ya sani kafin ya fara gina gida a zuci. Kuɗin da jaridu ke bugawa ya haɗa da ladan da mai saye ke biyan gidan gwanjo, sannan shi ma mai sayarwa ana cire masa nasa kason, ga kuɗin inshora da na jigila. Kuma farashi mafi tsada da aka taɓa samu rana ɗaya ce, ba shi ne kasuwar kullum ba. Manyan gidajen gwanjo, har da Arthouse Contemporary ta Legas, sukan duba hotuna su faɗi ƙiyasinsu ba tare da an kai musu kayan ba. Abin da ake bukata shi ne hoton kowane gefe, da na baki, da na gindi, da na hatimi kurkusa, da awon tsayi da faɗi. Jin ta bakin biyu ko uku ya fi jin ta bakin ɗaya. Ƙa'idar da ba ta canzawa kuwa ita ce, wanda yake son ya saya bai dace ya zama shi ne mai faɗin daraja ba.

Hannu ne abokin gaba

Yawancin tukwanen da suka lalace a hannun masu ƙaunarsu suka lalace. Ɗaukar babban tulu ta baki ko ta wuya, ko butar shayi ta mariƙi, yana ɗora nauyin duka a kan wuri mafi rauni. Hannu biyu ake sawa, ɗaya a ƙarƙashi ɗaya a gefe, bayan an cire zobe da agogo an kuma sauke murfi daban. Tulu mai zagayayyen gindi yana bukatar mazauni, kuma babu abin da ya fi gammo dacewa, na tsumma mai tsabta, a wurin da yara ba sa guje-guje, ƙofa ba ta bugu, labule ba ya kaɗawa.

Ƙurar hunturu da burushi mai laushi ake kakkaɓe ta. Lafiyayyen tangaran yana jure shafa da tsumma mai ɗan ɗanshi, amma jiƙa shi a omo ko zuba masa bilic don fitar da tabo kasada ce, domin ruwan yana shiga ta 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani, ya bushe a ciki, daga baya ya ɓamɓaro fatar. Soson ƙarfe kuwa ko kusa. Na gargajiya ya fi wannan rauni nesa ba kusa ba. Tunda jikinsa yana shan ruwa, in aka bar shi a kan simintin da ke jiƙa da damina sai ya tsotsi ruwa da gishirin ƙasa, rani ya zo ruwan ya tafi gishirin ya daskare a ciki, fuskar tulun ta fara zuba kamar gari, zanen ya tafi tare da ita. Dasa fure a cikinsa yana yin wannan ɓarnar cikin sauri, balle a huda gindi don ruwa ya fita.

In tsautsayi ya faɗa, tulu ya fashe, abu mafi amfani shi ne a tattara kowane tsingaro har da 'yan mitsi-mitsi, a naɗe kowanne daban, a ajiye. Gam mai saurin kamawa da ake sayarwa a kanti, da siminti, da fentin mota, duk sun sha shiga irin wannan aiki, kuma cire su ya fi haɗa fasasshen tulu wahala. Masu gyaran kayan tarihi suna amfani da gam ɗin da za a iya narkar da shi a sake aiki in an yi kuskure. Fasasshen tulun Ladi Kwali da duk ɓaraguzansa suke nan yana da sauran daraja. Wanda aka dame da siminti aka shafe da fenti ya yi asarar mafi yawanta.

Abin da doka ba ta rufe ba

Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, amma ma'anar da ta ba kayan fasaha na tarihi ta rataya ne a kan abin da aka yi kafin 1918, ko wanda aka yi amfani da shi a bukukuwan gargajiya. Tulun da aka gasa a Abuja a 1960 bai faɗa ƙarƙashin ko ɗaya ba. Mai fita da shi yana bukatar takardar hukumar da ke tabbatar da cewa ba haramtaccen kaya ba ne, amma babu abin da ya tilasta a fara yi wa wani gidan tarihi na ƙasar nan tayi. Sakamakon haka, ɗalibin fasaha a Minna ko Zariya da ke son ya ga ayyukanta masu kyau a jere, sau da yawa hotunan Landan yake dubawa a waya. A can ne aka shirya babban baje koli a 2022, a ginin Two Temple Place, wanda ya sa ta a tsakiyar tarihin mata baƙar fata masu aikin yumɓu, tare da Magdalene Odundo 'yar Kenya, wadda ta zo Abuja neman ilimi a 1974. Hukumar tana da gidan tarihi a Minna, kuma ko ba don sayarwa ba, kai hoto da bayanin tulu a rubuta shi a can yana nufin an san da zamansa.

Minna tana da nata kason a wannan tarihi banda kasancewarta inda Ladi Kwali ta cika. Bayan Cardew ya bar cibiyar a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi, kuma a cikin waɗanda suka koya a zamaninsa akwai Danlami Aliyu, haifaffen Minna, wanda ya ƙaro ilimi a wurin Cardew a Wenford Bridge ta Ingila, ya dawo ya kafa masana'antar tukwane ta Al-Habib a garinsu. Ya rasu a 2012. Kayansa sun fi na Ladi Kwali kusa da zamani, don haka sun fi yiwuwar kasancewa a kabad ɗin gidajen Bosso da Tunga, ana shan shayi da su. Duk abin da aka faɗa game da hatimi da salsala da riƙo ya hau kansu.

Akwai kuma rukunin da babu hatimin da zai cece shi. Tukwanen ƙauye ba a danna musu tambari, don haka abin da Ladi Kwali ta gina kafin 1954, irin wanda ya tsayar da Cardew a fadar Sarki, ba ya ɗauke da sunanta. Haka matan Tatiko, kusa da Paiko, suke gini har yau, ba suna, ba kwanan wata. Irin waɗannan sai shaidar baki: tsohuwar da ta tuna ranar da aka kawo tulun cikin kayan aure, tsohon ma'aikacin cibiya da ya san hannun kowa daga nesa, dattijon fada da ya san wace randa ce ta fi daɗewa a soro. Ɗaukar muryarsu a waya, tare da sunan wuri da shekara, aikin rabin awa ne. Wanda yake ɗan shekara 20 ranar da ta rasu a Minna, yau ya ba 60 baya.